Hausar Damaris

Da aka ƙone Ungwan Tagwai a farkon damina, waɗanda suka tsira sun gangaro Kafanchan, wasu a ƙafa, wasu a bayan motar citta. Aka buɗe musu wata makarantar firamare da ke bayan layin dogo, aka tura bencina jikin bango, kowane aji ya zama ɗakin kwana. Maza suna ajujuwan gaba. Mata da yara suna na baya, kusa da rijiya, kuma akwai 'yar katanga mai ƙaramar ƙofa tsakanin ɓangarorin biyu. A allon wani aji akwai ragowar darasin lissafi da ba wanda ya goge. Mata suka buga ƙusa a gefensa suna rataya zani.

Matan Zumunta na majami'ar unguwar ne suka ɗauki nauyin ɓangaren mata. Shugabarsu ita ce Mama Emilia, wadda ta daɗe tana shugabar makaranta kafin ta yi ritaya, har yanzu kuma idan ta kalli mutum ta saman tabarau sai ya gyara tsayuwa. Suna zuwa da safe cikin ankonsu kore mai zanen kurciya, su raba garin masara, su duba masu ciki, su zauna da duk wadda ke son magana. Ran Talata da ran Juma'a wata ƙungiyar matan Musulmi daga cikin gari takan zo da sabulu da audugar mata. Hajiya Sa'adiya ce ke jagorantarsu. A wannan makarantar ita da Emilia suka yi firamare, benci ɗaya, kuma duk rigingimun da garin ya gani ba su hana su tsokanar juna ba.

Abin da ya fi damun matan shi ne 'yan mata. Sun ji abin da ya faru a wasu sansanonin, don haka tun farko suka kafa doka. Yarinya ba ta zuwa itace ita kaɗai. An rataya fitila a hanyar bayan gida. Matan Zumunta biyu kullum suna zaune a bakin ƙaramar ƙofa, kuma namiji ba ya wucewa sai matarsa ta fito ta kira shi. Mutum ɗaya aka ɗaga wa ƙafa, Meshak ɗan acaba, magidanci mai 'ya'ya mata uku, saboda shi ke kawo jarkokin ruwa idan rijiya ta dagule, kuma shi ke ɗauko masu kawo taimako idan kayansu na da nauyi. Mashin ɗinsa ja ne.

Cikin masu kawo taimakon akwai wata mata da yara ke ce wa Anti Doreen. Takan zo da babbar kula cike da shinkafa da wake, tana ɗaure da anko irin na Zumunta. Ta ce a wata majami'a take a can gefen Kachia, aiki ne ya kawo ta Kafanchan. Tana da fara'a, ta iya gaisuwa, kuma da hannunta take zuba wa yara abinci. Ba wadda ta tambaye ta sunan fastonsu.

A ajin ƙarshe Damaris take. An kashe mijinta Azariya a daren harin, ta fito da 'yarta Tamar, mai shekara goma sha biyar, da ƙanana biyu. Hausar Damaris ta kasuwa ce da ta majami'a, a yarensu take tunani. Kamar yawancin matan ƙauyukan nan, ba ta raba "ya" da "ta". Kowa "shi" ne a bakinta, da mijinta da uwarta da kazarta. Kunnen mutanen Kafanchan ya saba da wannan, suna gyarawa a zuci ba tare da sun ma lura suna gyarawa ba.

Wata safiya bayan an gama raba gari, Damaris ta zo ta tsaya kusa da bencin da Emilia ke zaune a gindin mangwaro.

"Mama, ina so na yi magana."

"Zauna mana, Damaris. Yaya jikin ƙaramin?"

"Ya yi sauƙi."

Ta zauna a ƙarshen bencin, ta daɗe tana murza bakin zaninta. Emilia ba ta matsa mata ba.

"Akwai wani mutum yana zuwa nan," in ji Damaris. "Yana kiran yara mata a bayan rijiya, yana magana da su. Shi ne ya kai Serah, yarinyan maƙwabci na, zuwa Jere. Ya ce aikin gidan abinci. Tun da Serah ya tafi, maman shi bai ji muryan shi ba. Yanzu yana bin Tamar. Har ya ba shi takalmi."

Emilia ta cire tabarau. "Yaya sunansa?"

Damaris ta kalli ƙofa, ta sauke murya. "Ni baƙo ne a nan, Mama. Ban riƙe sunan shi ba."

"Ta ina yake shigowa? Ai muna bakin ƙofa."

"Ta ƙofa. Yana zuwa da mashin ja ɗin nan."

"Jan mashin? Kin tabbata?"

"Na gani da ido na."

Emilia ta yi mata godiya, ta ce ta bar maganar a hannunsu. Jan mashin ɗaya ne ke wuce ƙaramar ƙofa.

Ta tara 'yan kwamitinta a ofishin makarantar, wanda ko tebur babu, suka yi addu'a, suka yi shawara. Wasu suka ce a kira matasan unguwa. Emilia ta ƙi. Ta ce a garin nan magana ba ta tsayawa inda aka ajiye ta, kafin rana ta faɗi sai a ji an ƙone mashin, ko an ƙone mai shi, kuma ba su da shaida sai bakin mace ɗaya. Aka yarda a hana shi shiga kawai, a sa masa ido. Uwar Serah ta riga ta koma wurin ɗan'uwanta a Kachia, sai aka aika wa matan Zumunta na can su neme ta su ji.

Washegari Meshak ya zo da jarkoki huɗu ɗaure a bayan mashin. Emilia da kanta ta tare shi a ƙofa.

"Meshak, daga yau a nan za ka riƙa saukewa."

"A nan, Mama? Wa zai ɗauka zuwa ciki? Kin san nauyin abin nan kuwa?"

"Muna da kai, muna da gammo."

"Na yi wani laifi ne?"

"Ban ce ka yi ba. Doka ce, ta hau kowa."

Meshak ya kalle ta, ya kalli sauran matan da suka ɗauke kai. Ya kwance igiya ya sauke jarkokin ɗaya bayan ɗaya. "To, Mama. Allah na gani." Ya juya mashin ya koma inda 'yan acaba ke jira a bakin titi. Daga ranar, ko ya ɗauko mai kawo taimako, a babbar ƙofa yake sauke ta.

Da rana Emilia ta sa aka kira mata Tamar. Yarinyar doguwa ce, mai shiru, tana aji uku na sakandare lokacin da aka ƙone makarantarsu. Hausarta ta gari ce, ba irin ta uwarta ba. A ƙafarta akwai sabon takalmin roba mai ɗan tudu.

"Takalminki ya yi kyau. Wa ya saya miki?"

"Kyauta aka ba ni, Mama."

"Wane namiji ne ya ba ki?"

"Ba namiji ba ne ya ba ni."

"Tamar, dube ni. Akwai wani namiji da ya ce zai kai ki Jere?"

"Allah ya gani, Mama, babu namijin da ya ce mini haka."

Emilia ta yi shekaru tana tuhumar 'yan makaranta, ta san yadda yarinya ke kallon ƙasa idan tana rufa wa wani asiri. Ta yi mata nasiha a kan maza masu kyauta, ta sallame ta. Tamar ta ce na gode, ta tafi.

Anti Doreen ta ci gaba da zuwa. Da ta ga Meshak ya daina shiga ciki, sai ta koma hawa keke mai ƙafa uku, matan ƙofa su taya ta ɗaukar kula. Wani lokaci takan zauna da su a benci kafin ta shiga.

"Kun kyauta da kuka tsaurara," ta ce musu wata rana. "Maza a wannan zamani, ko na gida ba abin yarda ba ne."

"Sai addu'a, 'yar'uwa."

"Sai addu'a fa."

Daga tagar ajin ƙarshe Damaris tana ganin wannan. Ta kai ƙara wurin Mama, Mama ta ce a bar mata. Ga shi kuma mutumin na shigowa kamar da, ana masa sannu da zuwa, ana riƙe masa kula, har ana ba shi wurin zama. Ba ta san dalilin korar Meshak ba, ta ɗauka rigimar ruwa ce. Sai ta yanke a ranta cewa matan gari sun bincika, sun ga mutumin kirki ne. Su ne suka yi makaranta, su suka san gari. Da Tamar ta sake kawo maganar tafiya, tana cewa ta gaji da kwana a aji da tarin mutane, ta gaji da bin layin gari, Damaris ba ta ƙara cewa a'a ba.

Ran wata Juma'a da hantsi, bayan an ɗauke ruwan da aka kwana ana yi, Hajiya Sa'adiya ta zo koya wa mata haɗa sabulun ruwa. Aka jera robobi a barandar ajin ƙarshe. Emilia na gefe tana kallo. Damaris ce ke juyawa da muciya, tana ɗaure da wani zani mai ruwan ƙasa da ba a saba ganinta da shi ba.

"Kai, Damaris, yau kin fito," in ji Sa'adiya. "Ina kika samo wannan?"

Damaris ta nuna Emilia da haɓa. "Mama ne ya ba ni. Ya ce nawa ya tsufa."

Sa'adiya ta ajiye kofin awo ta juya. "Emi, ashe haka ne? Yaushe kika zama namiji ba ki sanar da ni ba? Matso in ga gemun."

Mata suka fashe da dariya. Emilia ta ce, "Ke dai kula da sabulunki, kada ki ƙone wa bayin Allah hannu. Tun muna aji biyu bakinki ya fi kanki aiki."

"Ni dai na ji da kunnena. Mama ya ba ni, Mama ya ce. Damaris, mace 'ta' ake cewa. Ta ba ni."

"Ta ba ni," in ji Damaris tana murmushi. "Hausa naku da wuya, Hajiya."

"Ina 'yarki? Ita ce ta iya awo, hannunta ba ya rawa."

"Ya tafi."

"Ina?"

"Jere. Sun tafi tasha da safe, da mutum ɗin."

Emilia ta miƙe. "Wane mutum?"

"Wanda na gaya miki, Mama."

"Meshak? Ga shi can bakin titi, da na shigo na gan shi."

"Ba Meshak ba." Damaris ta daina juya muciya. "Wanda Meshak yana ɗaukowa a mashin. Mai kawo shinkafa a kula. Ai kun bar shi yana shigowa. Na ce ko kun duba shi, kun ga ba shi da matsala."

Sa'adiya ta goge hannunta a jikin hijabi, ta matso kusa.

"Damaris, tsaya. Shi mutumin nan, wando yake sawa ko zani yake ɗaurawa?"

"Zani." Ta nuna ankon Emilia. "Irin wannan."

Emilia ta juya da sauri. Ta ɗauki jakarta, ta ce wa ɗaya daga cikin matan Zumunta ta tara sauran su biyo su tasha da Damaris, a samu keke ko nawa ne. Ita da Sa'adiya suka nufi bakin titi, suna tsallake taɓo.

Meshak na zaune a kan mashin ɗinsa yana cin gasasshiyar masara. Da ya gan su ya sauke ƙafa.

"Meshak, tashar Kachia, da sauri."

"Mama, ai kun ce kada in shiga."

"Ba shiga za ka yi ba, fita za mu yi. Tayar."

"Ku biyun? Hajiya, tayar baya ba ta da iska sosai fa."

"Ka ce ina da ƙiba kawai ka huta," in ji Sa'adiya, tana hawa. "Emi, matsa gaba."

A hanya Emilia ta tambaye shi ta bayan kunnensa ko ya taɓa ganin Anti Doreen da wata yarinya.

"Mai kula? Ai yau da safe ma na gan ta da doguwar yarinyar nan sun shiga keke. Da can ma ta fita da wata. Na ɗauka ku kuka aike su."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni, Mama?"

Tashar cike take da ruwa da hayaƙi. Bas ɗin Jere na tsaye a gefen masu sayar da burodi, an ɗaure buhunan citta a bayanta, ɗan kamasho na dukan jikinta da tafin hannu.

"Kachia, Jere! Kachia, Jere! Saura biyu! Hajiya, Mama, ku ne muke jira, ku shiga mu tashi!"

"Ba tafiya za mu yi ba, ɗana," in ji Emilia. Ta zagaya ta tsaya a gaban motar, ta ɗora jakarta a kan bonet.

Tamar na kujerar baya, jikin taga, da baƙar leda a cinyarta. Anti Doreen na kusa da ita. Yau ba anko ta ɗaura ba, doguwar riga ce da gyale. Da ta gan su ta leƙo da fara'arta.

"A'a, Mama Zumunta! Hajiya! Rakiya kuka zo yi mana? Da kun faɗa ai da na jira ku."

"Ina za ki kai yarinyar nan?" in ji Sa'adiya.

"Aiki na samo mata. Uwarta ta sani, ku tambaye ta. Gidan abincin ƙanwata ne, ga wurin kwana, ga ci, ga sutura. Ko laifi ne a taimaki marainiya?"

"Ina Serah?"

"Tana can lafiya lau, har ta yi ƙiba."

"Kira ta mu gaisa. Idan muka ji muryarta, ni da kaina zan yi wa Tamar addu'ar tafiya."

"Wayarta ta faɗa ruwa."

"Kira ƙanwar taki, ta ba ta."

"Yanzu lokacin ciniki ne, ba za ta ɗauka ba."

Emilia ta zo jikin taga. "Tamar, sauko."

"Ba zan sauka ba, Mama."

"Sauko mu yi magana."

"Mun yi magana ai. Kin tambaye ni namiji, na ce miki babu, ban yi ƙarya ba." Ta ƙara riƙe ledarta. "In koma in yi me? In kwana a ƙasa, jariri na kuka a kaina, in tashi in bi layin gari? Makarantarmu toka ce. Babana ya mutu. Ku da yamma kuna komawa gidajenku."

Emilia ta tsaya da hannunta a kan taga. "Gaskiya ne," ta ce. "Muna komawa."

Fasinjoji suka fara gunaguni. Wani dattijo mai kaji a kwando ya ce shi asibiti zai je a Kachia. Wata mata ta ce a bar yarinya ta nemi na kanta mana, zaman sansani ai ba rayuwa ba ce. Ana cikin haka kekuna biyu suka tsaya, matan Zumunta suka sauko cikin korensu, da wasu matan ƙungiyar Sa'adiya cikin hijabi, Damaris a tsakiyarsu, hannunta har yanzu da kumfar sabulu. Ba su yi ihu ba. Suka jeru a gaban motar da gefenta suka tsaya, kamar yadda suke tsayuwa a ƙofar gidan da aka ji ana dukan mace.

Direban ya taso daga wurin mai shayi, kofi a hannu. Mutum ne mai furfura a gemu, bai yi kama da mai son magana ba.

"Lafiya, iyayena? Motata ta taka wani ne?"

"Malam direba, yarinyar nan ba za ta bi ka ba," in ji Sa'adiya. "Matar nan ta ce gidan abinci za ta kai ta a Jere, mu kuma ba mu yarda ba."

Direban ya leƙa ciki, ya kalli Doreen, ya kurɓi shayinsa.

"Madam ce? Ai na sha ɗaukarta. Kullum da sabuwar ƙanwa." Ya juya ga Sa'adiya. "Gidan abinci ta ce?"

"Haka ta ce."

"To. Ni dai a bayan inda manyan motoci ke kwana nake sauke ta, wani gida mai ɗakuna a jere. Ban taɓa ganin tukunya a wurin ba. Hayaƙi ma ban taɓa gani ba."

"Ƙarya kake yi!" in ji Doreen. "Wa ya sa da kai? Tuƙi aka ce ka yi."

"Shi nake yi, Madam. Tambayata aka yi."

Matar da ta ce a bar yarinya ta nemi na kanta ta gyara zama ta kalli waje. Damaris ta matso jikin taga ta yi wa 'yarta magana a yarensu, gajeriyar magana, a hankali. Ba wanda ya fassara. Tamar ta kalli Doreen, ta jira ko za ta ce wani abu. Doreen na ta danna waya. Sai yarinyar ta ɗauki ledarta, ta ce wa dattijo mai kaji ya ɗan matsa, ta sunkuya ta fito. Ba ta je wurin uwarta ba. Ta tsaya gefe ita kaɗai, tana kallon taɓon da ya ɓata sabon takalminta.

Doreen ma ta sauko, ta ce ta fasa tafiyar, tana da abin yi a kasuwa.

"Za mu raka ki," in ji Emilia.

"Ba sai kun raka ni ba."

"Ai ke 'yar Zumunta ce. Ba ma barin 'yar'uwa ta yi tafiya ita kaɗai."

Suka sa ta a tsakiya, kore ta dama, hijabi ta hagu, suka taka da ita har ofishin 'yan sanda. A can ne, da yamma ta yi, ta faɗi inda Serah take. Ankon kuwa ta ce a kasuwa ta saya, kowa ma na iya saye. Bayan 'yan kwanaki wata 'yar sanda da matan Zumunta biyu suka je Jere a motar direban nan mai furfura, suka dawo da Serah. Kai tsaye aka wuce da ita asibiti, daga nan Kachia wurin uwarta. Matan da suka je ba su ba kowa labarin abin da suka gani ba, kuma ba a matsa musu ba.

Emilia ta je bakin titi ta sami Meshak a gaban sauran 'yan acaba, ta ce masa sun zarge shi a kan abin da bai yi ba, ya yafe musu.

"Ashe zargina ma kuka yi? Ni na ɗauka warin fetur ne ya dame ku." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. "Mama, ina da 'ya'ya mata uku fa."

"Na sani."

"To. Ya wuce."

Aka sake ɗaga wa Meshak ƙafa, aka kuma ƙara doka a bakin ƙofa. Duk mai shiga, ko da wane irin zani, sai an san majami'arta ko masallacin unguwarsu, sai kuma wani ya tsaya mata. Idan mace ta kawo ƙara ta ce wani mutum, tambayar farko ita ce wando ko zani.

Tamar ta koma ajin ƙarshe. Ƙasan nan ce dai, da jaririn da ke kuka, da layin gari. Sa'adiya ta samo mata wuri a shagon ɗinkin ƙanwarta, ta je da safe ta dawo kafin la'asar, Emilia kuma ta shiga neman makarantar da za ta karɓe ta idan an dawo daga hutu. Tamar na zuwa shagon, tana gaida kowa, tana yi wa ƙannenta wanka. Uwarta ce kawai ba ta yi wa magana. Idan Damaris ta miƙa mata kwano ta karɓa, idan ta kira ta ta zo ta tsaya. Ba wadda ta san ko fushin hana ta tafiya take yi, ko na barinta da aka yi ta kai har tasha. Damaris ba ta tambaya ba.

Ita Damaris ta ɗauki gyaran Hausarta da gaske. Duk ranar da Sa'adiya ta zo sai ta zauna kusa da ita tana maimaitawa: ta zo, ta tafi, ta ba ni, ita ce. Tana wanke-wanke ma ana jin ta tana yi ƙasa-ƙasa.

Wata Talata rijiya ta sake dagulewa. Ana zaune a baranda ana zuba sabulu a robobi, Tamar na gefe tana koyon ɗinkin maɓalli a kan wani ƙyalle, sai aka ji ƙarar mashin ta ƙaramar ƙofa. Damaris ta leƙa, ta juyo da sauri, ta gyara murya don Hajiya ta ji.

"Mama, Meshak ta zo. Ta kawo ruwa."

Sa'adiya ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa don dariya. Emilia ta cire tabarau tana goge ido. Meshak, da ke kwance igiya, ya ɗago ya ce shi dai bai san me ya yi wa matan nan ba.

Tamar ba ta ɗago daga ɗinkinta ba. Ta ja zare, ta cije shi da haƙori.

"Ya kawo, Mama," ta ce wa uwarta. "Shi namiji ne. Ya kawo."

Damaris ta juyo ta kalle ta. "Ya kawo," ta ce. Ta ɗauki gammo ta nufi inda jarkokin suke, Tamar ta ajiye ƙyallen ta bi bayanta.